Satar Kwano a Gidan Kaka Yu

Ranar da Kaka Yu ta rasu, duk unguwar masu tanderu da ke bayan Jingdezhen, garin masu yin tangaran, babu wanda ya yi kukan kirki. Tsohuwar ta haura casa'in, ta ga bayan likitocin da suka ce ba za ta kai bazara ba, kuma har ranar da ta kwanta da haƙoranta take tauna gyaɗa. Irin wannan mutuwa a wajenmu biki ce. Ana ɗaura jan ƙyalle a kan fararen kayan makoki, a ci awara, a sha giyar shinkafa, sannan kowa ya saci kwano ya kai gida. Masu makokin sun san za a sata, su ne ma ke tara kwanonin a bakin ƙofa su juya baya. Duk wanda ya ci ko ya sha a kwanon mai tsawon rai, an ce ya lashi wani abu daga kwanakinta. Ba a kuma bin ɓarawon a ce ya dawo da shi, don wannan daidai yake da ka ce ya dawo da kwanakin.

Ruilan ta ji labarin tana tsugune a rumfar Maigida Jiang, hannuwanta cikin bahon shayi har gwiwar hannu. Aikinta ke nan tun tana amarya, tsufar da kwanoni. Sai a kawo mata tangaran da jiya ya fito daga wuta, fari fat da zanensa shuɗi yana ƙyalli, ta murje gindinsa da yashin rafi, ta dusashe ƙyallin da tsohuwar fata, ta nutsa shi cikin shayi mai kauri har cikinsa ya rine. Kafin wata ya zagayo ya koma kamar wanda kakan kakan wani ya sha da shi. Inda kwanon ke zuwa daga nan, da abin da ake gaya wa mai saye, wannan ba ruwanta. A garin nan kowane hannu da nasa aikin. Mai murza yumɓu bai san zane ba, mai zana kifi ba ya taɓa ruwan da kifin ke ciki, ita kuma Ruilan ciki da gindi kawai take kallo.

Mai zana kifin shi ne mijinta, Feng Daoshun. Shekara talatin ya yi a zaune a rumfar da ake kankare busassun kwanoni, ƙurar farin yumɓu tana sauka masa a gashi da cikin shinkafa, bai taɓa ɗaukar ta a bakin komai ba. Yanzu ita ce ta cika masa huhu. A ƙarshen damina likitan babban asibiti ya ɗaga hoton ƙirjinsa ga haske, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a kai shi gida a ba shi duk abin da ransa ke so. Ba sai an fassara wa kowa wannan magana ba. Ruilan ta dafa jiƙon da ya sa maƙwabta rufe taga, ta hau dutse wurin bauta ta kunna turaren tsinke tana durƙuso har gwiwoyinta suka kumbura, ta yanka masa kunkuru duk da tana ƙyamarsa. Daoshun ya sha komai, ya yi godiya, ya ci gaba da ramewa. Ya kai ga ba ya iya zuwa bakin ƙofa sai ya tsaya ya dafa bango. Tsoro take ji, tsoron da ba ya barin mutum ya haɗiye abinci, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa, don 'yarsu ɗaya tana can kudu a masaƙa, an ce mata tari ne kawai.

Da ta gaya masa za ta gidan makoki ta sato masa kwano, sai da ya gama tari sannan ya yi dariya.

"Ki sato babba, Tsohuwa. In babu kwana a ciki, ko ba komai za mu zuba taliya."

Ba ta yi dariyar ba. Ta gyara masa matashi ta fita.

Gidan su Kaka Yu ya cika har kan titi, tebura a jere, masu busa na busa, yara na tsere a tsakanin ƙafafun manya. A bakin ƙofa kuwa ga kwanonin sata an jibge su cikin kwanduna, kowanne da jan harafin tsawon rai a jikinsa. Ruilan ta tsaya ta dube su, ranta ya ɓaci. Ta san su. Shekaranjiya a gabanta aka loda su a amalanke daga rumfar Jiang, da hatimi aka buga musu harafin, ko ɗumin tanderu bai gama fita daga jikinsu ba. Tsohuwar ba ta taɓa ganinsu ba, balle ta kai su baki. Haka mutanen yanzu suka mayar da abin, a sayo kwano a kasuwa da safe a sace shi da rana, kowa ya koma gida yana murna ya samo kwana. Ga mai lafiya wannan wasa ne mai daɗi. Ita ba wasa ya kawo ta ba.

Kowa a unguwar ya san da kwanonin da Kaka Yu take shan shayi da su. Biyu ne, ƙanana, tafin hannu ya ishe su, farare da kifi shuɗi na iyo cikin ciyawar ruwa. Na zamanin sarakunan da ne, gado ne daga dangin mijinta, kuma a shekarun da samari ke bi gida-gida suna fasa duk abin da ya tsufa, a ƙarƙashin turken alade ta binne su. Daoshun ya taɓa zuwa ya roƙa a nuna masa. Ta bar shi ya kalla daga wancan gefen tebur, hannuwansa a baya, ya dawo ya yi shekara yana ba da labarin wutsiyar kifi. An kuma san ɗaya nata ne, ɗaya na mijinta, wanda ya mutu tun bai kai arba'in ba, ya bar ta da 'ya'ya biyu.

Akwatin gawar na tsakiyar zaure, ba a buga masa ƙusa ba tukuna, sai ranar fita. Ruilan ta rusuna a gabansa kamar kowa, ta kunna turare, sannan maimakon ta koma waje sai ta bi ta bayan labule kamar mai neman makewayi. Ɗakin tsohuwar na can ƙurya, da 'yar taga ɗaya da ke kallon bango. A kan akwatin kaya aka shimfiɗa farin ƙyalle, ga kwanonin nan biyu an wanke an jera, suna jiran a sa su cikin akwatin gawa.

Ta sunkuya a kansu. Girmansu ɗaya, zanensu ɗaya, amma ɗaya na matar da ta haura casa'in ne, ɗaya na mutumin da bai ga furfurarsa ba, kuma ba abin da za ta je ta tambaya ba ne. Sai ta yi abin da ta iya, ta leƙa cikinsu. Na hagu fari ne, da ɗan rawaya kaɗan a ƙasa. Na dama ya rine sosai, ya yi ja-ja kamar bawon gyaɗa. Nan take hankalinta ya kwanta. Shekara ashirin da wani abu tana ƙirƙiro wannan rinin da hannunta, ai ta san abin da yake nufi: kwanon da aka sha shayi da shi kullum, shekara da shekaru, shi ke yin duhu, wanda aka ajiye a kan kanta kuwa fari yake zama. Ta ɗauki na dama ta cusa cikin riga, sanyinsa ya taɓa mata ciki.

A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da Lianzhu, 'yar marigayiyar, dattijuwa ce ita ma, idanunta sun kumbura. Ta riƙe hannun Ruilan ta tambayi jikin Feng, sannan ta dubi hannuwanta ta ga babu komai.

"Haba ƙanwata, ke da kike da mara lafiya ba ki sata ba? Ga shi na juya baya, ɗauki."

Ta juya bayan kuwa da gaske. Ruilan ta ɗauki ɗaya daga cikin kwandon, kunya kamar ta nutse, ta tafi tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a kan ciki.

Da ta isa gida ta fito da na cikin rigar ta ajiye a kan bargo, Daoshun ya ɗago kai daga matashi. Ya dubi kwanon, ya dube ta, ya sake duban kwanon. Ta zaci faɗa zai yi, ta ma shirya amsa: kwano ta sata a gidan makokin mai tsawon rai, kamar yadda rabin unguwa suka yi, kuma ba a taɓa cewa ga wanda za a sata ga wanda ba za a sata ba. Amma abin da ya fara nema shi ne ruwan wanke hannu. Sai da ya wanke ya tsane kowane yatsa, sannan ya ɗaga kwanon ya juya shi ga hasken ƙofa.

"Ɓarauniya," ya ce a hankali. "Kin san za a iya ɗaure ki a kan wannan?"

"A ɗaure. Kai dai ka sha."

Ba ya ma jin ta. Ya kafa ido a kan kifin, yana bin layin da farce ba tare da ya taɓa ba, daga baki, ta gadon baya, har ƙarshen wutsiya. Ya ce mata wanda ya ja wannan layin da numfashi ɗaya ya ja shi, bai ɗaga alƙalaminsa na gashi ba, kuma ga inda gashin alƙalamin ya fara bushewa amma mutumin bai tsorata ba, ya bar shi ya ƙare da kansa. Shekara talatin yana kwaikwayon wannan wutsiyar daga hotuna, sai yau ya gane ta inda aka fara ta. Cikin kwanon kuwa ko leƙawa bai yi ba, ba sashensa ba ne.

Ta kawo tukunyar jiƙo, ya rufe bakin kwanon da tafin hannu ya ce wannan ruwan kwatar ba zai shiga nan ba ko da zai mutu yau. Shayi za a zuba. Ta dafa ganyen da take ɓoyo don baƙi, ta zo zubawa, ya ce ta bi a hankali kada ta cika, don sai baƙon da aka gaji da shi ake cika wa shayi har baki. Ya sha, kurɓi-kurɓi, tana tsaye a kansa tana kallon maƙoshinsa na motsi har ya shanye.

To, ni ban san abin da ke cikin kwano ba, kuma ban yarda da duk wanda ya ce ya sani ba. Abin da aka gani dai shi ne, washegari Daoshun ya tashi zaune ba tare da an tallafe shi ba, ya cinye kunun shinkafarsa ya nemi ƙari. Zuwa yamma ya aike ta rumfar Jiang ta karɓo masa ɗanyun kwanoni da ba a gasa ba, da alƙalaminsa na gashi, da ɗan kaskon shuɗi, wanda kafin ya shiga wuta baƙi ne kamar ruwan toka. Ya jingina tsohon kwanon a kan matashi ya shiga zane. Ruilan ta koma bayan ɗaki ta toshe baki da gefen riga ta yi kuka, kukan da ta daɗe tana riƙewa, wannan karon na murna. Duk da haka in ta ji taku a lungu sai ta tashi ta leƙa. Ta riga ta yanke shawara, duk wanda ya zo, ɗan sanda ne ko ɗan marigayiyar, sai dai ya bi ta kanta.

Ba wanda ya zo. Ranar fita da gawa ta ji ƙarar tartsatsin takarda mai fashewa da ake kunnawa, ta ji masu busa sun bi ta bakin rafi sun nufi tudu, har sautin ya yi nisa ya ɓace. An buga ƙusa, an tafi, kwano ya zama nata. Ta hura wuta ta ɗora ruwa, tana ɗan waƙa a ciki-ciki.

Rana ta ɗan karkata sai ga Lianzhu a tsakar gida, da fararen kayanta, takalmanta duk jan taɓon tudu. Ta ƙi shiga ɗaki, ta ce wanda ya fito daga kushewa ba ya shiga wurin mara lafiya. Ruilan ta ja ƙofa ta rufe, ta tsaya a gabanta ta tare.

"Yaya, in don kwano kika zo..."

"Ba karɓa na zo yi ba. Ba a karɓa, kin sani na sani."

Ta ce tun daren ranar suka ga ɗaya ya ɓata. Ƙaninta ya tashi zai kira 'yan sanda, ita ta hana, don ta tuna wadda ta fita tana riƙe da ciki, ta kuma san dalili. Ta ce masa Inna ta sha kwananta ta ƙoshi, in wani ya lashi ragowar ba a rage ta da komai ba. Suka naɗe wanda ya rage a ƙyalle ba tare da kowa ya duba ba, don wa zai yi tunanin ɓarawon kwana zai yi kuskure? Sai yau da safe, da ta warware shi za ta sa wa uwarta a hannu, ta leƙa ciki.

"Na Inna ne ya rage, ƙanwata. Na Baba kika ɗauka."

Ruilan ta girgiza kai. Har murmushi ta yi, irin na wanda aka zo ana koya masa sana'arsa. Ta ce ba zai yiwu ba, ta duba da idonta, wanda ta ɗauka shi ya fi rini nesa ba kusa ba.

"To ai dole ya fi rini. Tun ranar da aka binne Baba, kullum da safe sai ta zuba masa shayi ta ajiye a gaban hotonsa. Nan zai wuni ba mai sha, sai yamma ta zubar. Shekara sittin fa. Nata kuwa tana shanyewa take wankewa, kin san Inna da tsabta."

Murfin tukunya na ta ƙara, ruwa na ɗaga shi. Ruilan ta jingina da ƙofa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta sani. Ita fa ba ta taɓa rina kwano ta hanyar shan shayi da shi ba. Jiƙa shi take yi ta bar shi ya kwana, ya sake kwana. Shayin da ya zauna shi ke rini, wannan ko a mafarki aka tambaye ta za ta faɗa, amma ta tsaya a ɗakin tsohuwar ta karanta kwanon kamar yadda take so masu saye su karanta nata.

Ta tambaya da me Baban nasu ya mutu. Lianzhu ta kau da kai ta ce ita ƙarama ce a lokacin. Ruilan ta sake tambaya.

"Tari. Mai kankare kwanoni ne. Da wannan kwanon nasa Inna ta ba shi ruwansa na ƙarshe."

"Ina ɗayan? Yaya, don Allah, musanya za mu yi. Yanzu zan ɗauko miki wannan."

Lianzhu ta ce yana hannun uwarta a cikin kushewa. Ta so ta aiko da safen, amma mai duba ya riga ya tsayar da lokacin buga ƙusa, ba a ɗaga shi ko don wa, kuma ba za ta bar uwarta ta tafi hannu wofi ba. Tana magana tana hawaye, tana cewa ta yi ta tunanin ko ta yi shiru, amma ta kasa.

Ruilan ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Fartanya na jingine a jikin bango, ta fizge ta ta fita. Ta bi bakin rafi inda jajayen takardun tartsatsi suka rufe hanya, ta haye gadar katako, ta kama hawan tudu tana tuntuɓe da saiwoyin gora. Ba ta yi tunanin abin da za ta ce ba. Abin da ke kanta kawai shi ne ƙasar sabuwa ce, ba ta daskare ba, kuma ƙusa ana cire ta.

Ta tarar da maza ba su gama ba. Suna ta tara ƙasa a kan kushewar, tulin ya kai ƙugu, hayaƙin kuɗin takarda da aka ƙona wa mamaciyar na tashi a gefe. Suka ga mace ta fito daga cikin gora da fartanya, gumi ya jiƙa ta, tana haki. Ƙanin Lianzhu, wanda ya so kiran 'yan sanda, shi ya fara matsawa ya ba ta wuri. Ya rusuna mata, ya ce duk cikin maƙwabta ba wanda ya yi musu wannan kara, ga ta da mara lafiya a gida amma ta hawo tudu don ta sa wa Inna ƙasa. Sauran mazan suka tsaya suna jira.

Ta dubi tulin. A ƙarƙashinsa akwai katako mai kaurin tafin hannu, a cikin katakon akwai tsohuwa da kwano a hannu, kuma ko da ta tone duk wannan da farce, abin da ya kwana a kushewa ya zama na matattu shi ma. Babu sauran kwanon mai rai a ko'ina. Ta ɗaga fartanyar, ta ɗebo jar ƙasa daga gefe, ta zuba a kai. Ta sake ɗebowa ta zuba. Haka ta yi ta yi har aka gama, aka ba ta ruwa ta wanke hannu, aka sa mata alewa a aljihu kamar yadda ake yi wa duk wanda ya taya binnewa.

Da ta dawo Lianzhu ta tafi, ruwan tukunya ya kusa ƙonewa. Daoshun na zaune inda ta bar shi, kumatunsa sun ɗan yi ja, ɗanyun kwanoni a jere a gefensa. Bai tambayi inda ta je ba, ɗoki ya hana shi. Ya miƙo mata ɗaya ya nuna mata wutsiyar. Layin ya katse a wurare uku, inda numfashi ya yanke masa dole ya ɗaga alƙalami, amma ya ce ta duba lanƙwasar, yau ya kama ta. Gobe a biyu zai ja shi. In ya samu wata guda a haka, zai ja shi a ɗaya, sannan Jiang ya zo ya durƙusa. Ya ce maƙoshinsa ya bushe.

Ta ƙara ruwa ta dafa shayin, ta ɗauko kwanon kwando mai jan harafi, ta zuba ta kawo masa. Ya dubi kwanon kamar an miƙo masa takalmi.

"Wannan kuma fa? Na 'yan rakiya za ki ba ni?"

Ta ce tsohon ya yi tsada da yawa, tana tsoron ya suɓuce ya fashe, gara a ajiye shi yana kallo kawai. Ta ce wannan ma daga gidan ya fito, da hannunta Yaya Lianzhu ta ba ta. Ta ce an ce ba a son a yi ta sha da kwano ɗaya. Duk abin da ya zo bakinta ta faɗa, shi kuma ya jawo tsohon kwanon ya rungume a ƙirji da hannu biyu.

"Tsohuwa, tun da na fara sha da shi ƙirjina ya buɗe. Ke da kanki kin gani. Wata nawa rabona da in riƙe alƙalami? Kada ki raba ni da shi yanzu."

Maganar na bakinta. Kalma kaɗan ce, ta faɗa ya saki kwanon, kuma ta san da kwanon zai saki alƙalamin, ya koma ya kwanta ya juya wa ƙofa baya kamar da. In kuma ta yi shiru, da hannunta za ta riƙa miƙa masa abin da mijin Kaka Yu ya sha ruwansa na ƙarshe da shi. Ta duba ta ko'ina ba ta ga hanya ta uku ba. Ta karɓi kwanon ta zuba.

Ya ce ta ajiye ya ɗan huce. Ya jingina kansa da bango ya lumshe ido, aikin yini ya gajiyar da shi, nan da nan barci ya ɗauke shi, numfashinsa na fita da 'yar ƙara kamar ana jan zare a busasshiyar fata. Ruilan ta zauna a bakin gado da kwanon a hannu. Hasken yamma ya shigo ta ƙofa ya faɗa cikinsa, sai a lokacin ta ga abin da duhun wancan ɗakin ya ɓoye mata, wanda kuma murna ta hana ta dubawa daga baya. Rinin bai kai baki ba. Ya tsaya ne a wuri ɗaya, ya yi zobe siriri a kewaye, daga nan zuwa sama fari fat. Kuma shayin da ta zuba yanzu, ba tare da ta auna ba, ya tsaya cif a kan zoben.

Ta dubi mutumin da ke jingine ido a rufe, ta dubi shayin da ke zaune a gabansa yana hucewa ba mai sha. Ba ta san lokacin da ta kai kwanon baki ba. Ta shanye shi tas da zafinsa, ya ƙona mata harshe har ƙirji, ta goge cikin da gefen riga da ƙarfi, kamar shekara sittin za ta fita da guga ɗaya.

Motsin ya tashe shi. Ya tambayi shayinsa, ta ce ya huce, bari ta sake. Ta ɗauki butar ta zuba, shayin ya hau ya kai zoben, ba ta tsaya ba. Ya rufe zoben, ya haye farin, ya kai baki, ya fara gangarowa a kan kifin yana ƙona mata yatsu.

Daoshun ya dubi kwanon, ya ɗago ya dube ta yana murmushi.

"Har baki, Tsohuwa? Korata kike yi?"

"Sha dai," ta ce.

Ya sunkuyo don kada ya zube, ita kuma ta riƙe masa kwanon da hannu biyu har ya shanye.